Haskaka Haƙora Ga Mai Ciko Ko Hular Haƙori: Wace Hanya Ce Ta Fi Dacewa?

Mu ɗauki mutumin da haƙorinsa na gaba ya taɓa karyewa, aka yi masa hula ta tangaran shekaru shida da suka wuce, kuma a lokacin likita ya zaɓi launin da ya yi daidai da sauran haƙoran har ba mai iya gane wanne ne mai hular. Yanzu ya sayi zirin ledar haskaka haƙori, yana mannawa kullum. A rana ta goma ya tsaya gaban madubi, sai ya ga haƙoransa sun yi haske kamar yadda aka yi masa alkawari, amma guda ɗaya a tsakiya ya tsaya da launinsa na da, ya fito rawaya-rawaya a cikin farare. Hular ba ta lalace ba, ba ta kuma canza ba. Maƙwabtanta ne suka canza suka bar ta, kuma babu wani magani da zai sa ta bi su.

Wannan shi ne abin da tallan kayan haskaka haƙori ba ya faɗa. Sinadaran da ke cikinsu an yi su ne domin haƙorin da aka haifi mutum da shi, alhali bakin babban mutum sau da yawa yana ɗauke da ciko, da hula, da gada, wato haƙorin da aka sa a gurbin wanda ya fita aka ɗaure shi a jikin maƙwabtansa, da simintin da ya riƙe su. Don haka ga mai irin wannan baki, tambayar wace hanya ta fi fararwa ba ita ce ta farko ba. Ta farko ita ce me ke cikin bakin, a ina yake, kuma me maganin zai yi masa.

Yadda maganin ke aiki, da abin da yake tararwa a baki

Kusan duk kayan da ke canza launin haƙori daga ciki sun dogara ne da sinadari ɗaya, haidurojin feroksaid, ko dai kai tsaye ko ta hanyar ɗan'uwansa kabamaid feroksaid, wanda ke wargajewa a baki ya ba da haidurojin feroksaid da yuriya. Kabamaid mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 yana ba da kimanin kashi 3.5 na haidurojin feroksaid, wato kusan sulusi, kuma wannan lissafi yana da amfani ga duk mai karanta kwalin magani, domin lamba 16 a kan kabamaid ta fi lamba 10 a kan haidurojin sauƙi. Sinadarin yana ratsa inamel, wato ɓawon haƙori mai tauri, ya kai ga dentin da ke ƙarƙashinsa, ya farfasa ƙwayoyin launin da suka taru a ciki. Haƙori yana da ƙananan ƙofofi da ruwa ke bi, shi ya sa hakan ke yiwuwa. Tangaran da aka gasa a wuta ba shi da su, kuma launinsa an cuɗa shi ne a jikinsa tun daga ɗakin haɗawa.

Tangaran iri-iri, da zikoniya, wadda ita ma wani tangaran ce mai tauri sosai, da zinariya, su ne mafiya juriya. Launinsu ba ya motsi, kuma iyakar abin da ake gani shi ne ɗan raguwar sheƙi a wasu nau'o'in tangaran idan an daɗe ana shafa magani mai ƙarfi. Farin ciko na kwamfosit, wanda tushensa ya faro daga aikin Rafael Bowen a Amurka a farkon shekarun 1960, yana iya ɗan yin haske saboda maganin ya wanke dattin da ya zauna a fuskarsa, amma ba ya kai hasken haƙorin da ke kewaye da shi, kuma fuskarsa kan ɗan yi kaushi. Amalgam, cikon nan mai launin azurfa, kusan rabinsa zaiba ce, sauran kuma azurfa da kuza da tagulla. Gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna cewa feroksaid yana ƙara yawan zaibar da ke fita daga fuskarsa, kuma ƙarin yana bin ƙarfin maganin da tsawon lokacin da ya zauna.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne siminti, domin shi ba a ganinsa, saboda haka ba a tuna shi. Kowace hula tana zaune ne a kan kututturen haƙorin da aka fiƙe, kuma tsakaninsu akwai siminti. A bakin hular, kusa da dasashi, simintin yana leƙowa a matsayin wani siririn layi da faɗinsa bai wuce na gashin kai ba idan aikin ya yi kyau. Wannan layi shi kaɗai ne ya raba yawu da ƙwayoyin cuta da dentin da ke ciki. Idan ya zaizaye, hular ba za ta faɗi nan take ba, amma rami ya samu, launi zai fara shiga, ruɓewa kuma za ta iya somawa a wurin da buroshi ba ya kaiwa.

Simintocin ba ɗaya ba ne. Zink fosfet, wanda ake amfani da shi tun ƙarni na 19, ba ya mannewa da haƙori ta hanyar sinadari, cike giɓi kawai yake yi ya riƙe, kuma asid yana narkar da shi a hankali. Folikaboksilet, da Dennis Smith ya fito da shi a 1968, yana manne wa haƙori amma shi ma ruwa mai tsami na cinsa. Gilas ayonoma, da Wilson da Kent suka gabatar a Ingila a farkon shekarun 1970, yana mannewa kuma yana sakin fuloraid, sai dai a gwaje-gwaje shi ne ke yawan nuna kaushi da raguwar tauri bayan haɗuwa da feroksaid, kuma ana amfani da shi a matsayin ciko ma, musamman a wuyan haƙori kusa da dasashi. Simintin rezin, wato mai tushen roba mai daskarewa, shi ne mafi ƙarancin narkewa. Kayan wucin gadi kuwa su ne mafiya rauni: simintin zink oksaid da yujinol kan tsattsage ko ya yi kaushi, hular wucin gadi ta roba nau'in metakirilet kuma an ga tana komawa ruwan lemo bayan ta haɗu da kabamaid feroksaid.

Wajibi ne a faɗi cewa mafi yawan waɗannan sakamako daga ɗakin bincike suke, inda ake jiƙa guntun siminti a cikin magani na tsawon sa'o'i ba tare da yawun da ke wankewa yana rage ƙarfin sinadari ba. A cikin baki tasirin ya fi haka sauƙi, kuma aikin da aka yi da kyau, bakinsa a rufe, ba kasafai yake samun matsala ba. Wanda ya riga ya tsufa ya fara buɗewa shi ne abin tsoro.

Ma'aunan da za a auna kowace hanya da su

Na farko shi ne daidaituwar launi, wato ko hanyar tana ba mutum damar tsayawa daidai inda haƙoransa suka yi kama da cikon ko hular da ke bakinsa. Na biyu shi ne abin da take yi wa fuskar ciko da layin siminti, kuma a nan abubuwa uku ne ke aiki: ƙarfin feroksaid, tsawon zamansa, da tsamin maganin, domin inamel kansa yana fara narkewa idan ma'aunin pH, wanda ke raguwa yayin da tsami ke ƙaruwa, ya sauka ƙasa da 5.5. Na uku shi ne zogi da ƙunar dasashi. Feroksaid ya fi saurin isa ga jijiya ta haƙorin da ke da ciko fiye da lafiyayye, balle idan bakin cikon ya buɗe. Na huɗu shi ne kuɗi, kuma ba kuɗin maganin kaɗai ba, har da na sauya cikon da zai daina dacewa. Na biyar shi ne daɗewar sakamako da sauƙin amfani.

Akwai ma'auni na shida da ya shafi dukkan hanyoyin feroksaid daidai wa daida, saboda haka gara a yi maganarsa sau ɗaya. Bayan an haskaka haƙori, iskar oksijin tana saura a cikinsa na wasu kwanaki, kuma oksijin yana hana rezin daskarewa yadda ya kamata. Duk farin cikon da aka yi, ko siririn ɓawon tangaran da aka manna a fuskar haƙori, a cikin waɗannan kwanaki ba zai kama da ƙarfi ba. Shi ya sa likitoci ke jinkirta aikin mannawa na mako 1 zuwa 3, kuma mako 2 ne aka fi bi. Jiran yana da wani amfani: haƙorin da aka gama haskakawa yana ɗan bushewa ya yi fari fiye da ainihin launin da zai zauna a kai, kuma wanda ya zaɓi launin sabuwar hula a ranar zai tarar daga baya ta fi sauran haske.

Man goge baki mai haskakawa

Yawancin irin wannan man ba ya canza launin cikin haƙori. Yana ɗauke da garin gogewa, kamar silika ko kalsiyam kabonet, wanda ke kankare dattin shayi da kofi da taba daga sama. Wasu suna da wani shuɗin sinadari da ke zama a fuskar haƙori na 'yan sa'o'i ya ruɗi ido, wasu kuma suna da feroksaid kaɗan da ba ya daɗewa a baki har ya yi wani abin kirki.

Ta fuskar launi wannan rashin ƙarfi alheri ne ga mai hula a gaba, tun da man yana wanke haƙori da hular tare, ba ya raba su. Haɗarinsa na gogewa ne. Akwai ma'aunin kaifin man goge baki da ake kira RDA, kuma 250 ne iyakar da aka yarda da ita, amma man da ke kusa da iyakar, idan aka haɗa shi da buroshi mai tauri da hannu mai ƙarfi, yana dusashe sheƙin kwamfosit, yana cin gilas ayonoma da ke wuyan haƙori, yana kuma raraƙe layin siminti kaɗan-kaɗan. Fuskar da ta yi kaushi ta fi saurin kama datti, sai mutum ya ƙara gogewa, abin ya zama tufka da warwara. Man gawayi ya fi muni a nan, domin baƙin garinsa kan maƙale a bakin ciko ya bar siririn layi mai toka-toka, kuma da yawa daga cikinsu ba su da fuloraid. Man goge baki shi ne mafi arha da sauƙi a cikin duka hanyoyin, kuma amfaninsa yana tsayawa ranar da aka daina shi.

Zirin leda da sauran kayan kanti

Zirin leda mai ɗauke da jel ya yaɗu ne tun farkon shekarun 2000, bayan kamfanin Procter & Gamble ya fito da Crest Whitestrips. Inda doka ta ba da dama, kamar Amurka, yana ɗauke da haidurojin feroksaid daga kimanin kashi 6 zuwa sama da 10, kuma yana aiki da gaske. A Tarayyar Turai kuwa, dokar 2011 ta hana sayar wa jama'a kai tsaye duk abin da ya wuce kashi 0.1, ta bar daga nan zuwa kashi 6 a hannun likitan haƙori, ta kuma hana yi wa wanda bai kai shekara 18 ba. Wannan ya sa kayan kanti a can suka koma ga wasu sinadarai, kuma abin da ya kamata mai ciko ya lura da shi shi ne cewa wasu kayan da aka rubuta wa “babu feroksaid” suna dogara ne da asid, wanda ya fi feroksaid ɓarna ga inamel da siminti.

Babban aibin zirin ga mai aiki a baki shi ne babu wanda ya duba bakin kafin a fara. Ledar ba ta san haƙori daga hula ba, ba ta kuma san cikon da bakinsa ya buɗe ba. Faɗinta ɗaya ne ga kowa, don haka tana hawa dasashi, tana zama daidai kan layin simintin da ake so a kiyaye. Alherinta ɗaya shi ne tana rufe haƙoran gaba ne kawai, saboda haka amalgam da ke turamen baya ba ya haɗuwa da ita sosai. Kuben roba na kanti, wanda ake tsoma wa a ruwan zafi a ciza, bai kai zirin ba ma, domin ba ya zama daidai, jel yana malala ko'ina har a haɗiye. Kuɗin waɗannan kaya kaɗan ne a ranar saye, sai dai araha ba ta ado idan ƙarshenta sauya hula ne ba shiri. Sakamakon yakan kai watanni zuwa shekara.

Kuben roba na likita, a yi a gida

Wannan hanya ta samu karɓuwa ne daga 1989, lokacin da Van Haywood da Harald Heymann na Jami'ar North Carolina suka wallafa bayanin amfani da kabamaid feroksaid kashi 10 a cikin kuben da ake kwana da shi. Likita yana ɗaukar awon haƙora, a yi siririn kube na roba da ya zauna musu cif, mutum ya riƙa ɗiga jel a ciki yana sawa da dare ko na wasu sa'o'i da rana, yawanci na mako 2 zuwa 4. Tabon da maganin tetarasaikilin ya bari tun ƙuruciya yakan ɗauki watanni.

A ganina ita ce ta fi dacewa da yawancin masu ciko da hula, kuma dalilan ba na ƙarfin fararwa ba ne. Da farko, ba a yin kuben sai an duba baki, kuma a nan ne ake gano ramin da ke buƙatar ciko da hular da bakinta ya saki, a toshe su tukuna. Na biyu, canjin yana zuwa a hankali, har mutum na iya kallon madubi kowace safiya ya tsaya ranar da haƙoransa suka cim ma hular. Wannan yana da muhimmanci ga wanda aka yi wa hula tun yana matashi, haƙoransa suka yi duhu da shekaru suka bar ta tana fari fat: shi haskakawa za ta gyara masa daidaito ne, ba tare da an taɓa hular ba. Na uku, ana iya yanke kuben, ko a bar wasu gurabe babu jel, domin a kauce wa babban amalgam ko hular wucin gadi, ko ma a yi wa haƙori guda ɗaya tak. Na huɗu, yuriyar da kabamaid ke saki tana rage tsamin baki, abin da ke yi wa simintocin da asid ke ci daɗi.

Ba ta rasa nata aibin ba. Ƙarfin maganin kaɗan ne amma zamansa yana da tsawo, kuma idan kuben ya rufe turamen da ke da amalgam, sa'o'in suna taruwa. An kuma ga haƙori yana ɗan yin kore-kore a gefen tsohon amalgam bayan doguwar haskakawa. Zogi idan an sha ruwan sanyi abu ne da ya zama ruwan dare, amma yakan wuce idan an tsallake kwana ɗaya ko biyu, ko an yi amfani da man da ke da fotasiyam naitiret. Tana buƙatar haƙuri da naci. Kuɗinta matsakaici ne, kuma kuben yana nan, don haka idan launi ya fara komawa bayan shekara 1 zuwa 3, jel kaɗai za a saya a yi kwana biyu ko uku.

Haskakawa a kujerar likita

A nan ana amfani da haidurojin feroksaid mai ƙarfi, daga kashi 25 zuwa 40 a ƙasashen da suka yarda da hakan. Likita yana rufe dasashi da wani rezin mai daskarewa, ya shafa jel a fuskar haƙora, a zauna kimanin sa'a ɗaya, kuma sau da yawa sai an koma sau biyu ko uku. Fitilar da ake haskawa a wasu wurare tana ƙawata aikin da lissafin kuɗin, amma nazarce-nazarcen da aka tattara ba su nuna tana ƙara wani abin a zo a gani ga sakamakon ƙarshe ba, zafinta kuma na iya ƙara zogi.

Ga siminti da amalgam, wannan hanya ta fi yadda ake zato sauƙi, domin hannun likita ne ke ɗora jel ɗin inda yake so kawai, yana iya rufe bakin hula, kuma turamen baya ba sa cikin aikin. Amma inda jel ɗin ya taɓa gilas ayonoma ko tsohon kwamfosit, ƙarfinsa ya ninka na kube sau da yawa. Rauninta na gaske yana wajen launi. Canjin yana zuwa a zama ɗaya, haƙoran kuma a bushe suke lokacin da ake dubawa, saboda haka da wuya a tsaya daidai kan launin hular da ake son bari. Ta fi dacewa da wanda ya riga ya yanke shawarar sauya aikin gaba ɗaya. Ita ce mafi tsada, ita ce mafi yawan jawo zogi mai kaifi a daren farko, kuma wani kaso na farin ranar farko yana komawa cikin 'yan kwanaki, shi ya sa likitoci da dama ke haɗa ta da kube.

Haskakawa daga cikin haƙori

Wannan ta haƙori guda ce da ya yi duhu bayan buguwa ko bayan an cire masa jijiya. Likita yana buɗe bayan haƙorin, ya zuba magani a ɗakin da jijiyar ta bari, ya rufe da cikon wucin gadi, a dawo bayan wasu kwanaki a canza. Abin lura a nan shi ne siminti ne mai tsaron ƙofa: dole a shimfiɗa kimanin milimita 2 na gilas ayonoma ko makamancinsa a kan cikon saiwa kafin a sa magani, domin idan feroksaid ya yoyo ta wuyan haƙori zuwa naman da ke kewaye, jiki na iya fara cinye saiwar daga waje, matsalar da aka fi dangantawa da magani mai ƙarfi haɗe da zafi. Iskar da maganin ke saki kuma takan ture cikon wucin gadi, don haka mai wannan aiki ya riƙa taɓa wurin da harshe, ya koma da wuri idan ya ji rami. Ta fi yin hula arha nesa ba kusa ba, ba ta kuma cin jikin haƙori, ko da yake duhun kan dawo bayan shekaru.

Wanki da gogewa kawai

Wasu ba su buƙatar feroksaid ko kaɗan. Idan duhun da ake gani datti ne a sama, ko baƙin layi ne a gefen tsohon farin ciko, wankin haƙori a asibiti da sake goge fuskar cikon na iya wadatarwa a zama ɗaya, babu jiran mako biyu.

| Hanya | Kuɗi | Daɗewa | Sauƙi | Haɗari ga ciko da siminti | Iko kan launi |
|---|---|---|---|---|---|
| Man goge baki | Mafi arha | Muddin ana amfani | Mafi sauƙi | Gogewa da dusashe sheƙi | Ba ya raba launi |
| Zirin leda | Arha | Watanni zuwa shekara | Mai sauƙi | Babu dubawa, jel kan layin siminti | Kaɗan |
| Kuben likita | Matsakaici | Shekara 1 zuwa 3 | Sai da naci | Ƙarami, in an kauce wa amalgam | Mafi yawa |
| Kujerar likita | Mafi tsada | Shekara 1 ko fiye | Zama 1 zuwa 3 | Ƙarfi mai yawa, wuri kaɗan | Kaɗan |
| Daga ciki | Matsakaici | Shekaru | Zuwa da dawowa | Ya dogara da shingen siminti | Haƙori guda |
| Wanki da gogewa | Arha zuwa matsakaici | Watanni | Zama 1 | Kusan babu | Ba ya raba launi |

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

Wanda cikonsa duka a turamen baya yake, fari ne ko amalgam, kuma likita ya duba ya ce bakinsu a rufe yake, yana da 'yancin zaɓi fiye da kowa. Zirin leda mai feroksaid na kamfanin da aka sani ya ishe shi idan kuɗi ne damuwarsa, kube kuma ya fi idan yana son sakamako mai daɗewa, a yanke shi ya tsaya kafin manyan amalgam. Bai kamata a tone lafiyayyen amalgam don kawai ana son haskaka haƙori ba, domin tonon kansa yana sakin zaiba yana kuma cin jikin haƙorin.

Mai hula ko ɓawon tangaran guda ɗaya ko biyu a gaba sai ya fara tsayawa a hasken rana ya duba wanne ya fi haske. Idan tangaran ɗin ya fi haƙoran fari, kuben likita ne maganinsa, a hankali, yana dubawa kullum. Idan launinsu ɗaya ne a yau, duk wata haskakawa ta gaske za ta raba su, don haka ko dai ya tsaya ga wanki da man goge baki mai laushi, ko ya sa kuɗin sabuwar hula a cikin lissafi tun kafin ya fara. Wanda duk haƙoransa na gaba tangaran ne ba shi da abin samu a feroksaid, sai dai mai siririn ɓawo, wanda wani lokaci yakan ɗan yi haske idan aka haskaka haƙorin ta baya.

Mai farin ciko da yawa a haƙoran gaba ya ɗauka cewa zai sauya su. Tsarin shi ne a toshe duk wani rami ko buɗaɗɗen bakin ciko tukuna, a haskaka da kube ko a kujera, a jira mako 2, sannan a yi sabon ciko da sabon launi. Haka ma wanda ke shirin yin hula ko ɓawo a karon farko: haskakawa ce gaba, zaɓen launi a baya, tun da haƙori ne kaɗai ke iya matsawa.

Mai gilas ayonoma a wuyan haƙora, wanda yawanci dasashinsa ya ja baya kuma yana fama da zogi tun farko, ya nisanci man gawayi da duk wani abu mai tsami, ya nemi kube da magani mafi sauƙin ƙarfi, na ɗan gajeren lokaci kowace rana, kuma a sake goge cikon ko a rufe fuskarsa bayan an gama. Mai tsohuwar hula ko gada da ta shekara goma sha wani abu, wadda mai yiwuwa da zink fosfet aka ɗaura ta, ya bari a duba bakinta da ƙarfe a kuma ɗauki hoto kafin komai. Mai hular wucin gadi ko cikon wucin gadi ya tambayi likitan da ke aikin, domin ko dai a haskaka yanzu a tsallake wannan haƙori kafin a zaɓi launin hular dindindin, ko a fasa. Haƙori guda mai duhu da aka cire wa jijiya kuwa, zirin leda ba zai taɓa kai shi ga sauran ba, sai ma ya ƙara nisa tsakaninsu, kuma aikinsa daga ciki ne, bayan hoto ya tabbatar cikon saiwar yana da kyau.